Bazarar da Firijin Baba Ya Yi Sanyi

Shekaranjiya a wurin aiki wata tsohuwar kwamfuta ta kama gurnani a ƙarƙashin teburina, irin siririn kukan nan da 'yar fankar cikinta ke yi idan ƙura ta cika ta. Abokan aikina suka yi tsaki. Ni kuwa sai hannuna ya mutu a kan abin da nake yi, don kukan ya mayar da ni wata bazara a Greensboro, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Bari in gaya maka wane ne Baba. Direba ne tun kafin a haife ni. Daga Maraɗi yake jan babbar mota zuwa Kwatano, ya loda kaya a bakin teku ya dawo. Da muka zo Amurka sai ya koma tuƙin tasi. Mama kuwa kitso take yi a wani shago, tsaye tun safe har ƙafafunta su kumbura. Mu uku ne: ni da ƙannena maza biyu, waɗanda in an yi musu Hausa sai su amsa da Turanci.

Wata rana Baba ya sayo wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, irin wadda Turawan nan ke tafiya hutu da ita, da gado da murhu da ɗan firij. Gida-mai-taya yake ce mata. Ya ajiye ta a bayan filin da Kawu, ƙanen Mama, ke sayar da tsofaffin motoci a kan High Point Road, titin da yanzu aka sauya wa suna. Burinsa ɗaya ne, ya kai mu teku da hannunsa. Yakan ce abin kunya ne a ce Mama ta tsallake teku a jirgin sama tana barci, har yau ba ta taɓa ganinsa da ido ba.

Mama ba ta ce a'a ba. Sharaɗi ta gindaya. Baba na da ciwon suga, allurarsa kuma ba ta son zafi. Ta ce ranar da firijin motar ya yi sanyi na gaske, ranar za ta haɗa kaya.

In ba ka taɓa yin bazara a garin nan ba, ba za ka gane ba. Zafin ba irin na gida ba ne mai bushewa. Jiƙaƙƙe ne, yana manne wa jiki kamar rigar da ba ta bushe ba. Gyare na ta kuka a bishiyoyi, jar ƙasar filin Kawu na warin man inji da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Da safe firijin kan ɗan yi sanyi, amma kafin azahar ruwan ciki ya koma kamar na wanka. Kawu ya duba ya ce ya mutu, a haƙura.

Baba bai haƙura ba. Ya ce wannan firigo, haka yake kiransa, ba irin na gida ba ne. Ba shi da inji, 'yar wutar gas ce ke motsa shi, zafin kuma ta baya yake fita ya hau sama ta wata kafa a rufin motar. In rana ta yi yawa sai iskar ta tsaya cak a bayan, zafin ya rasa hanya. "Numfashi ne ya gagare shi, Uwata," in ji shi. Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ya samo ƙananan fankoki biyu daga cikin matattun kwamfutoci. Ya hau tsani, ya kwance murfin rufin, ya ɗaure su a bakin kafar yadda za su zuƙo zafin su watsar waje. Na lura ba ya duban abin da yake yi, kansa a sama, yatsunsa ne ke lalube. Na ɗauka gwaninta ce. Ya zuro wayoyin ta ciki har zuwa wata 'yar ƙofa da ke gefen motar, daidai bayan firijin, ya durƙusa ya haɗa su da layin batir.

Fanka ko motsi. Ya kwance, ya sake haɗawa, shiru. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Na leƙa ta kafaɗarsa na ce, "Baba, ai jar waya ka haɗa da baƙa."

Ya kwance haɗin. Sannan ya ɗago wayoyin biyu har suna taɓa hancinsa, ya juya su, ya miƙo mini.

"Wacce ce jar?"

Na sa masa ita tsakanin yatsu. A nan abubuwa suka dinga dawo mini: shayin da yake zubawa a gefen kofi, yadda ya daina fita aiki da zarar rana ta sunkuya, ƙarfen shingen da ya goga da tasi ya ce hasken rana ne. Ya murɗa wayar, sai ga siririn kuka daga saman rufi. Na sa hannu a 'yar ƙofar na ji iska na shigewa ciki.

"Kada Mamanki ta ji," ya ce. "Mu je teku tukuna."

Washegari da la'asar, a tsakiyar zafi, ƙanƙara ta kama a firijin. Baba ya aika Kawu ya ɗauko Mama daga shago. Ƙannena na ta tsalle a kan gadon motar. Baba ya zuba ruwa a kofi ya miƙa mata da hannu biyu, fuskarsa kamar ta yaro ranar Sallah. Kofin har raɓa yake yi. Mama ta karɓa, ta riƙe, ba ta sha ba.

"Malam, ba za mu je ba."

"Firigo ya yi sanyi. Taɓa ki ji."

"Na ji. Wallahi na ɗauka ba zai gyaru ba, shi ya sa na faɗa." Ta ajiye kofin. "Tun azumi nake kallonka. Karanta mini lambar farar motar can, in ka karanta yanzu zan haɗa kaya."

Baba ya juya, ya ƙura ido. Farar motar tana dama, shi kuwa hagu yake kallo, inda babu komai sai shinge. Ƙannena suka daina tsalle.

Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, ai ni sai in tuƙa, kai ka zauna ka huta."

"Ni za a ɗora a baya kamar buhun gero?" in ji Baba, a hankali. Ya laluba ya rufe firijin.

Da aka kai shi asibiti likita ya ce sugan ya daɗe yana cin jijiyoyin idon, an zo a makare. Aka yi ƙoƙari, ba a dace ba. Lasisi ya tafi, tasi ta koma wa mai ita. Sauran bazarar kullum sai Kawu ya biyo ya ɗauke shi, ya kai shi filin, Baba ya wuni a cikin gida-mai-taya a kujerar direba, ƙofa a buɗe. Babu komai a firijin sai gorar ruwa ɗaya, amma bai yarda a kashe shi ba. Ganye ya yi ja ya zube, ruwan sama ya fara yoyo ta rufi, katifa ta yi funfuna. Kafin sanyi ya wuce aka zo da motar ja aka kai ta wurin masu sayen ƙarfe. Baba bai tambayi inda ta tafi ba.

Na ga tekun daga baya, tare da 'yan ajinmu. Na tsaya a bakinsa ina jiran in ji wani abu, ban ji ba. Mama har ta rasu ba ta je ba, ko an yi mata tayi sai ta ce aiki.

Yau Baba a gidana yake. 'Ya'yana kan gaishe shi da Turanci su wuce ɗakinsu, ba wanda ya san ya taɓa jan mota mai taya goma sha takwas. Garin ya cika da sababbin gine-gine da bai taɓa gani ba, in na kwatanta masa sai ya gyaɗa kai kawai. Ni ce ke kai shi wankin ƙoda. Yana zama a kujerar gaba, hannuwansa a kan cinya. Amma duk sa'ad da muka doshi danja, kafin in taka burki, sai in ga ƙafarsa ta dama ta danna ƙasan motar, inda babu komai.