Batirin Jirgin Kawu da Tulun Inna

Shekarun baya ne wannan abu ya faru, kuma tun farko ina neman afuwa, domin wasu wuraren sun fara shige mini duhu. Littafin da na yi lissafin a ciki ruwa ya taɓa shi, rabin lambobin sun narke. Abin da zan faɗa, gwargwadon abin da na riƙe ne.

Lokacin na gama bautar ƙasa, ina zaune gidan kawuna a Bagadaza, takardar digirina ta injiniyan lantarki tana ƙasan akwati, babu aiki. Kawu ya daɗe yana aikin jiragen ruwa a kudu. Da ya yi ritaya ya dawo Gombe sai zama ya gagare shi. A tsakar gida ya ƙera wani ɗan jirgi na katako mai ƙaramin ɗaki, ya kafa masa doguwar sanda, ya sa aka ɗinka masa tamfol wanda iska za ta riƙa turawa. Maƙwabta suna leƙowa suna dariya, wai ga jirgin ruwa a unguwar da sai an jira ɗan garuwa. Shi kuwa burinsa ɗaya ne: ya kai jirgin dam ɗin Dadin Kowa, ya yi kwana uku a kan ruwa bai taka ƙasa ba.

Matsalar ita ce Kawu yana da ciwon suga, yana yi wa kansa allura safe da yamma, kuma likita ya ce kada maganin ya sha zafi. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce ba za ta hana shi ba, amma da sharaɗi.

“Malam, in maganin nan zai zauna da sanyinsa kwana uku, Allah ya kiyaye hanya. In ba haka ba, jirgin nan kaji ne za su kwana a ciki.”

Kawu yana da ɗan ƙaramin firiji mai aiki da batir, da farantin sola guda ɗaya, don rufin ɗakin jirgin ba zai ɗauki biyu ba. Abin da ya rage shi ne a san girman batirin da za a saya. Ya dube ni ya ce, “Injiniya, ga aikinka na farko.”

A makaranta in ka yi kuskure maki kake rasawa. Nan kuwa, in na zaɓi ƙarami, maganin Kawu zai lalace a tsakiyar ruwa. Amma na ƙudurta a raina cewa ba ni ne zan zama dalilin da kaji za su gaji jirgin nan ba.

Na rubuta duk abin da zai ci wuta: firiji, ƙwan fitila biyu, cajin waya, da rediyon da Kawu ba ya rabuwa da ita. In ban manta ba, sun tashi wajen amfiya arba'in a kwana guda, wato da irin ma'aunin da ake rubutawa a jikin batir. Farantin sola zai mayar da kamar talatin in rana ta fito sosai. Irin batirin da za mu iya samu kuma ba a shanye shi ƙasa da rabi, in ana so ya yi ƙarko. Lissafi ya nuna mai ɗari zai isa. Sai tsoro ya ce mini, in hadari ya rufe rana fa? Na ninka. In firijin ya tsufa fa? Na sake ninkawa. Haka na tafi kasuwa da niyyar sayen masu ɗari biyu har guda biyu.

Mai shagon wani dattijon Ibo ne da ya girme ni a Gombe nesa ba kusa ba, Hausarsa har da ɗanɗanon Fulatanci. Ya karɓi takardata ya karanta, ya ɗago kai.

“Ɗan'uwa, jirgi za ka haska ko asibiti?”

Na fara bayani, ina cewa wataƙila, mai yiwuwa, don gudun ko-ta-kwana. Ya nuna mini batirin ya ce in ɗaga. Na kama hannu biyu na ja, ko motsi kirki bai yi ba.

“Biyun nan nauyin ƙarti biyu ne da ba sa tuƙi, ba sa kwarfe ruwa,” in ji shi. “Kuma farantinka ɗaya ba zai taɓa cika su ba. Batirin da ba ya cika, mutuwa yake yi da wuri. Ni ina son ciniki, amma ba na son kawunka ya dawo mini da gawa a amalanke. Ɗauki mai ɗari ka gwada. In bai yi ba, ka san hanyar shagona.”

Na ɗauka, amma raina bai kwanta ba. Na ce wa Kawu ba za mu je ruwa ba sai mun yi gwajin kwana uku a tsakar gida, komai a kunne kamar muna kan dam. Na sa kwalbar ruwa a madadin magani, da ma'aunin zafi a gefenta. Lokacin bazara ne, rana kamar za ta tsaga kai, na ce hakan ma ya fi.

Ranar farko da yamma na auna, batir ya sauka fiye da yadda na zata. Rana ta biyu kafin la'asar ya kusa rabi. Inna ta leƙo ta ga fuskata, ta watsa wa kajinta dawa a gindin jirgin.

Na sake lissafi sau ban san adadi ba. Na bi waya ɗaya bayan ɗaya, na goge faranti, na zargi firiji, na zargi mai shago, a ƙarshe na zargi digirina. Sai na ce to, gobe ba zan taɓa biro ba. Na cika batirin da wutar gida, na ɗauko kujera na zauna a inuwar katanga tun hantsi, na zuba ido kawai.

Na farko da ya yi sallama tela ne, wanda ya ɗinka tamfol. Kawu ya buɗe firiji ya miƙa masa ruwan leda mai sanyi, ya ɗauko wani daga buhun da ke rana ya mayar a gurbinsa. Sai limamin masallacinmu da baƙonsa. Sai mata biyu da suka zo wurin Inna. Sai wani da ya ce wucewa kawai yake yi ya ji labarin jirgi. Kowa sai an buɗe, an ba shi mai sanyi, an zuba mai zafi. Kafin azahar na daina ƙirgawa. Firijin da na lissafa zai riƙa hutawa bai huta ba ko na minti biyar.

Na matsa kusa na rage murya. “Kawu, ina ganin, wataƙila dai, ruwan da ake ba baƙi ne yake shanye batirin.”

“Au, baƙo ba ya cikin lissafinka?”

“Ban sa shi ba, Kawu. Amma a kan ruwa ai babu baƙi.”

Ya yi dariya har da tari. “Ba ka taɓa shiga ruwa ba, Injiniya. Duk masuncin da ya hango tamfol ɗin nan sai ya zo ya gani. Mutum ya tuƙo kwalekwale cikin ranar nan ya yi mini sallama, in ce masa injiniyana ya hana? Koma ka sayo manyan.”

A rayuwata ban taɓa musa wa Kawu ba, amma ranar na yi. Na ce manyan za su danne bayan jirgi, faranti ba zai cika su ba, kuma ko su ma baƙi za su shanye su, sai dai a ƙara kwana ɗaya. Na ce mai ɗari shi ne daidai, in dai firijin na magani ne kaɗai. Ban ce wataƙila ba ko sau ɗaya, abin da har yau yake ba ni mamaki.

Inna tana bakin madafa tana jin mu. Ta shiga ɗaki ta fito da tulunta na ƙasa, da tsohon buhun algarara, da wani ɗan kwaɗo da makullinsa.

“Kafin a haifi firiji da me iyayenku suke tarbar baƙi? Ku jiƙa buhun ku naɗe tulun da shi, iskar ruwa za ta yi sauran.” Ta miƙa wa Kawu tulu, ta miƙo mini kwaɗon. “Kai kuma ka kulle firijin, makulli a wuyanka. Tare za ku tafi.”

“A kulle mini firijina a cikin jirgina?” in ji Kawu.

“Ko kaji, Malam. Ka zaɓa.”

Muka sake gwajin daga farko, batir bai ko kusanci rabi ba. Aka ɗora jirgi a bayan babbar mota, muka bi ta garin Kwadon, inda Kawu ya tsaya sayen albasa kamar wanda zai yi wata guda. Ni da ban iya iyo ba na shiga da rigar kariya a ɗaure har wuya, mitar auna batir a hannu.

Gaskiyar Kawu ce, masunta sun zo, wasu har sau biyu. Duk daga tulu suka sha, wani ma ya ce ya fi na leda daɗi. Rana ta biyu hadari ya taso ya rufe sama tun safe, faranti bai kawo abin kirki ba. Na kashe rediyo, Kawu ya yi ta mita, na yi kamar ban ji ba. Ina jin na auna batirin nan ya fi sau talatin a ranar. Da safiyar rana ta uku na buɗe kwaɗon, na ɗauko maganin na sa a tafin Kawu. Ya juya shi, ya ɗora a kumatunsa, ya ce, “Kira Innarka ka gaya mata kajinta su nemi wani gidan.”

Yanzu aikin haɗa sola nake yi, kuma har yau ni mai yawan tsoro ne, ban warke ba. Sai dai na daina ninka lissafi don in ji sanyi a raina. Kafin in faɗi girman batir, nakan roƙi masu gida su bar ni in zauna wuni guda in ga yadda suke rayuwa, wa ke shigowa, me ake buɗewa. Wasu suna ɗauka shayi nake nema.

Batirin nan ya yi zamaninsa ya mutu, tulun kuwa yana nan a ɗakin Inna. Ita ta dage cewa kwana huɗu muka yi, kuma wai ni na fara roƙon a juyo gida. Ban tuna haka ba, amma ba zan rantse ba. In akwai wanda ya leƙo tsakar gidan nan a lokacin, ko ya sha ruwan tulun a kan dam, don Allah ya gyara mini inda na kauce. Makullin dai yana wurina, wannan kam ba na shakka.