Jan-Bakin Wanetta

Da aka binne maigidana, Allah ya ji ƙansa, kwana uku mutanen cocinmu suna ta shigowa da abinci har tebur ya ƙi ɗauka. Haka ake yi a nan, ba mai zuwa gaisuwar mutuwa hannu wofi. Abin da ba a faɗa shi ne, bayan an watse sai ki wayi gari da kwanuka ashirin da wani abu waɗanda ba naki ba, kuma dole ki bi gida-gida ki mayar, a kowace ƙofa a rungume ki a sake tayar miki da kukan. Ina zaune ina kallon su ranar Alhamis sai Wanetta Sills ta turo ƙofar kicin. Ba mu saba ba a lokacin, gaisuwar bakin coci ce kawai tsakaninmu. Ta naɗe hannun riga ta wanke su tas, ta loda a bayan tsohuwar motarta. Wasu an manna suna a gindi, wasu babu, amma ko ɗaya ba ta tambaye ni na waye ba.

"Shekara talatin ina dafa wa yaran garin nan abinci a makaranta," ta ce. "Na san kwanon kowa. Na ma san wadda ta ƙona nata ta rufe da cuku. Ki yi zamanki, 'Yar'uwa Orpha."

Daga nan muka zama aminai har ta bar duniya.

Wanetta doguwa ce, busasshiya, gashinta a naɗe a ƙeya tun tana budurwa. Ba ta sa ɗan kunne, ba ta shafa komai a fuska, don a cocinmu na wancan lokacin ana ganin wannan ado ne na masu neman a kalle su. Kowa a garinmu Branson ya san ita ce matar Royce Tackett ta fari, kuma kowa ya san ba a yi mata zancen.

Royce Tackett kuwa, in kin kai shekaruna ba sai an gaya miki ko wane ne ba. Muryarsa ta shiga kowane gida ta rediyo. Yana da wata waƙa a kan mahaifiyarsa tana shanya a bayan gida, wadda na ga ƙartin maza direbobin manyan motoci suna share hawaye in an sa ta. Lokacin da Wanetta ta aure shi tana da shekara goma sha tara, shi ba kowa ba ne, leburan wurin tsaga katako ne mai jita ɗaya da takalmi ƙafa ɗaya. A teburin kicin ɗinta ya haɗa waƙoƙinsa na farko, tana goyon 'yarsu tana yi masa amshi. Ya tafi Nashville, birnin mawaƙa, da cewa wata uku zai yi. Bayan shekara biyu ya dawo da mota mai sheƙi da takardar saki a aljihu. Ya sake aure har sau uku. Giya ta ci shi, ƙwayoyi suka ci shi, ya kwana a hannun 'yan sanda ba sau ɗaya ba, ya sha barin zaure cike da mutane suna jiransa shi yana kwance a wani otal bai san inda kansa yake ba. Duk da haka in ya buɗe baki sai a manta. Ni dai ban gane yadda Ubangiji ke zuba irin wannan baiwa a tulu mai yoyo ba, amma ba a tambaye ni ba.

Ita ta koma sunan gidansu, ta kama aikin girki a makaranta, ta raini 'yarta ita kaɗai. In waƙarsa ta zo a rediyo ba ta kashewa, ba ta kuma ƙara murya. Sai dai ta ci gaba da feraye dankalinta.

Duniya rawar 'yan mata ce. Da tsufa ya zo, manyan birane suka daina kiransa, sai ya dawo gida Branson, inda tsofaffin mawaƙa ke zuwa su huta a kan dandamali ɗaya maimakon yawo. Wani gidan wasa a babban titi ya ɗauke shi. Kullum ƙarfe biyu na rana, in ban da Lahadi, bas-bas na sauke tsofaffi daga jihohi masu nisa, a yi musu awa biyu na waƙa da barkwanci. Mai barkwancin wani ne da ake kira Kawu Elmo, yana fitowa da wandon manoma da ya yi masa yawa, ya shafa baƙi a haƙori ɗaya kamar ya faɗi, yana katse mawaƙa da shirme. Shekara shida Royce yana waƙa a wurin, tafiyar minti goma sha biyar daga gidan Wanetta, ba ta taɓa leƙawa ba.

A kakar shekarar 1994 gidan wasan ya raba wa 'yan gari tikiti kyauta, matan cocinmu suka shirya zuwa. Na ɗauka ba za ta je ba. Sai ga ta da jaka a hannu.

"Kyauta ce," ta ce. "Abu na farko ke nan da na taɓa samu kyauta daga wurinsa, ba zan bari ya wuce ni ba."

Muka zauna can tsakiya. Aka yi kiɗa, aka yi dariya, ni ma na yi, Allah ya gafarta mini. Royce ya fito cikin farar riga mai ƙyalli, ya rame, amma muryar tana nan. Ya kama waƙar mahaifiyarsa, ya gama baiti na farko lafiya. Da aka zo na biyu sai ya yi shiru. Makaɗa suka zaga suka dawo masa, ya buɗe baki, babu komai. Sai ga Kawu Elmo ya faɗo dandamali da gudu yana riƙe da wando.

"Tsoho, me ya faru? Ka bar sauran waƙar a aljihun matarka ta nawa?"

Zaure ya ɗauki dariya, har da masu tafi. Matar da ke gabana ta ce wa mijinta, "Kai, sun iya shirya abu!" Kowa ya ɗauka cikin wasan ne, don a irin wannan gida duk abin da ya faru a dandamali wasa ne. Royce ma ya yi murmushi.

Na juya na ga Wanetta ba ta dariya. A mota ta daɗe ba ta tada injin ba.

"Kin ga babban yatsansa?" ta ce. "Yana ta murza wuyan jitar. Haka ya yi ranar da ya zo gaya wa babana yana so na. Haka ya yi ranar da ya miƙo mini takardar. Tsoro ne, Orpha. Waƙar ce ta gudu ta bar shi."

Kashegari ta sayi tikiti da kuɗinta, layin gaba, kujera ta tara, daidai inda yake tsayawa. Ta ja ni muka tafi. Da ya fara waƙa sai na ga leɓenta na motsi ba sauti, tana riga shi da kalma ɗaya ko biyu, tana buɗe baki sosai kamar mai koya wa jariri magana. Ranar ya yi tuntuɓe a waƙa sau biyu, bai dubi inda take ba.

Bayan an tashi, mawaƙan kan tsaya a bakin ƙofa suna gaisawa da mutane. Kawu Elmo ya ja mu gefe. In ya goge baƙin haƙorin, mutum ne mai sanyin magana.

"Uwargida, na gan ki," ya ce. "Na kuma san ko ke wace ce. Tun bazara ciwon mantuwar nan ya fara. Likita ya ce ba ya komawa baya. Ni nake rufe masa, amma kin ji yadda suke dariya. Mai gidan nan ya ji daɗin dariyar, har yana cewa a bar ta a ciki kullum, a sa ta a tsari." Ya share goshi da hularsa. "Shekara arba'in ina neman dariya, wannan ce kaɗai ba na so. Sha biyu ga Disamba za a rufe wasan bana, daga nan ya ajiye jita. So nake ya kai ranar a tsaye."

"To me ya hana shi kallo na?"

"Fitilu. Daga sama ba a ganin komai sai farar fuska kamar faranti. Bakinki ba ya fitowa."

Wanetta ta ja hannuna muka fita. Muka biya kantin magani, ta daɗe tsaye gaban inda ake jera kayan kwalliya kamar wadda aka aika sayen maciji. Ta ɗauki jan-baki mafi ja a wurin. Yarinyar da ke karɓar kuɗi, wadda ta ci abincin hannunta shekara shida a makaranta, ta zaro ido.

"Mama Wanetta, na waye?"

"Na uwarki ne. Sa mini a leda."

A mota take shafawa kafin ta shiga, a mota take gogewa in ta fito. Rana ta uku da fara shafawa, Royce ya maƙale a tsakiyar wata waƙar soyayya, idonsa na yawo cikin duhu, yatsan na murza jita. Sai idon ya sauka a kan jan bakin nan. Na ga lokacin da ya kama kalmar kamar mai nutso ya kama igiya. Ya ci gaba. Kawu Elmo, da ya riga ya sako ƙafa ɗaya daga bayan labule, ya janye ta a hankali.

Daga ranar, kwana shida a mako, ƙarfe biyu, tana kujera ta tara. Waƙa goma sha huɗu yake yi, ta san su duka, har da waɗanda ya yi wa matan da suka biyo bayanta. Ni ina raka ta Talata da Juma'a.

Garinmu ƙarami ne, zance bai daɗe ba ya kai coci. Wata rana muna ɗinkin bargon da za a ba mabukata, 'Yar'uwa Eula, wadda ba ta iya riƙe magana, ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, "An ce an ga wata 'yar shekara sittin da biyar da baki kamar ta sha jinin kaza."

"An gaya miki gaskiya," in ji Wanetta. "Miƙo mini almakashi."

'Yar Wanetta ta bugo waya daga Tulsa tana faɗa, tana cewa mutumin nan fa bai taɓa aiko mata ko katin ranar haihuwa ba. Wanetta ta saurare ta har ta gama, ta ce, "Duk gaskiya ne," ta tambaye ta lafiyar yara.

Ni ma na taɓa tambayarta, muna shan kofi a kicin ɗinta, ko son nasa ne bai mutu ba. Ta yi dariya har da tari.

"So? Orpha, ko yafe masa ban gama yi ba. Kullum ina roƙon Ubangiji, kullum ina tarar da saura. Amma mutumin nan ya yi abin dariya da yawa a rayuwarsa, ya kuma cancanci a yi masa. Wannan ba ya cikinsu. Ba shi ya jawo wa kansa ba." Ta juya kofin a hannunta. "Kuma waƙar mahaifiyarsa a kan teburina aka yi ta. Ni na ce masa ya sa zancen shanyar. Ba zan zauna a gida ana mayar da ita wasan yara ba."

Ko ya gane ta? Har yau ban sani ba. Sau ɗaya tak ta bi layin gaisuwa a bakin ƙofa. Ya riƙe hannunta da hannu biyu, ya daɗe yana duban ta.

"Baiwar Allah," ya ce, "kin fi ni sanin waƙoƙina."

"Na riga kowa jin su," ta ce.

Ya yi murmushi irin wanda yake yi wa kowa, na baya ya matso, muka wuce. A mota ta goge bakinta da ƙarfi fiye da kullum.

Ƙarshen Nuwamba ƙanƙara ta sauka da wuri. Ta fito ɗaukar wasiƙa da safe, santsi ya kwashe ta a matakalar gidanta, ƙashin ƙugu ya karye. Na same ta a asibiti wajen ƙarfe goma sha ɗaya, an ba ta maganin ciwo amma idonta tar. Ba ta bar ni na gama sannu ba.

"Ƙarfe nawa?"

Na gaya mata.

"Saura wasa goma sha ɗaya," ta ce. "Buɗe jakata."

Na buɗe. Tikiti ne a ɗaure da roba, da wasu takardu da ta rubuta waƙoƙin a kai da manyan baƙaƙe, da ɗan jan-bakin, ya kusa ƙarewa.

"Wanetta, ni ban taɓa shafa wannan abu ba. Maigidana ma bai taɓa gani na da shi ba. Kuma rabin waƙoƙin kawai na riƙe."

"Kin riƙe fiye da haka, ina jin ki kina yi a mota. Inda ya fi maƙalewa na ja layi a ƙasa. Kada ki yi sauti, kada ki yi tare da shi, ki riga shi da kalma biyu. In ya dube ki kada ki sunkuyar da kai, na san halinki." Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Eula za ta yi magana, ki bar ta ta yi. In zunubi ne, na ɗauka, ki gaya wa Ubangiji ni na sa ki. Kujera ta tara, Orpha. Ki shafa da yawa, daga sama ba ya gani sosai."