Ranar da Moto Ya Mutu a Gindin Tsamiya

Wata ranar Talata ce da hantsi, bayan an gama yankan hatsi, a shekarar da nake CM1, wato aji biyar na firamare, aka fito da Kaka Dela ƙofar gida don a ɗora ta a kan moto, wato babur. Ina jin Talata ce, ko da yake ba zan rantse ba. Abin da na tabbata shi ne 'yan ajinmu sun wuce da tsintsiyoyinsu za su lakwal, makarantarmu ta boko, suna kallona, ni kuwa ina tsaye cikin zanen Sallata, an ɗauko mini izini wurin mushe, wato malamin ajinmu. Dammunan hatsi na jibge a bakin rumbu ba a kai ga zubawa ba, awaki na ta fizgar zangarniya ba mai korarsu, domin duk gidan ya fito kallo. Baba Sani, ƙanen mahaifina, shi ne mai moton, kuma shi zai kai Kaka gidan likita a Dogon Dutsi. Ni aka zaɓa in bi su in yi jinya, saboda a ɗakinta nake kwana, kuma ina ɗan jin faransanci.

Ƙafarta ce ke ciwo. Tun daminar da ta gabata kututture ya soke ta a gonar wake, wurin ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, kumburin yana hawa sannu a hankali. Kullum da safe, kafin in tafi rijiya, ni ke dafa mata ruwan ganye in wanke mata, in ɗaure da tsumma mai tsabta. In na yamutsa fuska sai ta ce, "'Yar lakwal, boko bai koya muku riƙe hanci ba?" Daga nan in yi surfe, in kai awaki bayan gari, in ruga lakwal a makare. Da yamma in mun gama gaɗa a dandali, in dawo in tarar da ita zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafar, tana ɓarar gujiya ko tana kaɗi, ta ajiye mini ragowar furarta a ƙarƙashin faifai.

Kaka 'yar bori ce a ƙuruciyarta. Ni ban taɓa ganin ta hau ba, ta daɗe da bari kafin a haife ni, tana sallarta kamar kowa. Amma akwai abin da ba ta bari ba. Wata Bafillatana mai suna Adama, wadda rugarsu ke gabas da garinmu, tana kawo mata madara lokaci-lokaci, sai Kaka ta zuba a wani ɗan ƙoƙo ta kai gindin wata babbar tsamiya da ke bakin hanyar fita gari, inda rairayi ya yi zurfi. Mutane na cewa doguwa ce a wurin. Ita Kaka ba ta taɓa kiran sunan ba, sai dai ta ce "mutanena". Mu yara ba ma cin 'ya'yan wannan tsamiya, duk kwaɗayinmu. A filin lakwal, in an fita rekereyasho, wato hutun wasa, maza kan yi cika-baki cewa sun taɓa jikinta da rana tsaka, amma ban san wanda ya taɓa gani da idonsa ba.

Baba Sani kuwa ɗan kasuwa ne, yana tsallaka iyaka ya sayo kaya, ya dawo da gemu da ɗangalallen wando da kaset ɗin wa'azi. A wurinsa zuba madara a gindin itace shirka ne, kuma yana faɗa a ko'ina, sai dai ban taɓa jin ya ɗaga murya a gaban uwarsa ba. Yakan durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ya daɗe yana lallashi. Wata da watanni yana roƙonta ta yarda a je likita, tana cewa mutanenta ba su son ta kwana a wani gari. Da ƙafar ta fara hana ta barci, sai wata rana ta ce masa, "To, Sani. In sunka bar ni na wuce, sai mu tahi." Shi ya ɗauka ya ci nasara. Ban sani ba ko ya ji rabin farko na maganar.

Moton sabo ne fil. Kamar yadda ake yi a wajenmu, ba a cire masa ledar da aka naɗe shi da ita ba, domin kowa ya ga sabo ne, kuma kada ƙura ta ci fentin. Leda a tanki, leda a fitila, leda har a hannuwan da ake riƙewa. Aka ɗora Kaka a baya, aka tallafe ƙafar da zane. Ni aka zaunar da ni a kan tanki, Baba Sani ya ce in riƙe tsakiyar ƙarfen, kada in taɓa komai. Har ya tayar, sai Kaka ta ce a tsaya: ba a sauka gidan mutane hannu sake. Aka ruga aka kamo zabbi biyu, aka ɗaure musu ƙafafu, aka rataye su a hannun moton na dama, kawunansu na lilo. Kafin a gama wannan, da sallama, da addu'o'i, da matan maƙwabta da kowace ke son ta yi nata ban kwana, rana ta kusa take tsaka.

Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa hawa moto ba sai ran nan. Iska na kaɗa mini kallabi, karan hatsi na wucewa ta gefe, har na so a ce 'yan ajinmu na gani. Da muka doshi tsamiyar, sai na ji Kaka a baya ta bar ɗan nishin da take yi. Muka shiga rairayin nan mai zurfi. Ƙafar moton ta gaba ta kauce, moton ya yi tangaɗi, Baba Sani ya sa ƙafa ƙasa ya ƙara wuta. Ni na zame ta dama, hannuna ya bi ƙarfen. Zabbin suka buga fukafukai da ƙarfi suna kuka. Sai kawai ƙarar injin ta ɗauke, ɗif, babu tari, babu jan numfashi. Muka ɗan gangara muka tsaya, cikin inuwar tsamiyar daidai.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har zabbin sun yi tsit. Baba Sani ya sauke mu, ya taka, ya taka, ya taka, moton ko tari bai yi ba. Ya girgiza tanki ya sa kunne, akwai mai. Ya cire buji, wato fulogi, ya hura, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. Gumi ya jiƙa masa baya. Na ji yana karatu ƙasa-ƙasa, kuma wannan ne ya fi tsorata ni, domin shi ne mutumin da ke cewa ba komai a wurin. Kaka na zaune a kan saiwa, ta juya wa itacen baya, fuskarta a sake, kamar wadda aka ba amsar da ta daɗe da sani. Can ta ce, "Bar wahal da kanka, ɗana. Sun ƙiya."

Ya ce, "Inna, inji ne. Inji yana ɓaci."

Ta ce, "Sabo, da ledatai?"

Ba a daɗe ba sai ga mijin Adama da amalanken jaki, ya ɗauko harawa zai kai cikin gari. Ya gaishe mu, ya dubi moton, ya dubi inda ya tsaya. Ya gyara wa Kaka wuri a kan harawar, ni ma na hau kusa da ita, muka juya gida. Baba Sani ya biyo mu yana turi a cikin rairayi. Mun yi masa nisa kaɗan sai muka ji ƙarar moto a bayanmu. Ashe wajen turi ledar hannun dama ta yage, sai ya ga wani ɗan jan maɓalli a ƙarƙashinta, a danne. Shi ne na kashe inji. Tsohon moton da ya koyi tuƙi da shi, an daɗe da cire masa wannan, shi ya sa bai kawo shi a ransa ba. Yana mayar da shi, taka ɗaya ya tashi.

Ya sha gaban amalanken ya tsaya, yana haki, yana murna. Ya nuna wa Kaka, ya danna moton ya mutu, ya mayar ya tashi, har sau da yawa. Ya ce, "Kin gani, Inna? Ga shi nan, ɗan wanga abu ne! Taho mu tahi, ba mu makara ba." Kaka ta dubi maɓallin da kyau, ba ta musa ba. Sannan ta ce, "Na gani. To wa ya taɓa shi?" Baba Sani ya buɗe baki, ya dubi hannunsa, ya dubi zabbin. Na ga idonsa ya biyo ta kaina ya wuce da sauri, bai tsaya ba. Kaka ta ce da mai amalanke ya kora jakinsa.

Ba ta sake yarda ba. Mahaifina ya roƙe ta, limamin garinmu ya zo, Baba Sani ya ce zai zagaya ta cikin gonaki ba sai an bi ta tsamiyar ba, ta ce ba a tambayar abu sau biyu. Ya riƙa kwatanta ciwon a Dutsi yana kawo ƙwayoyi, tana sha don kada ransa ya ɓaci. Na ci gaba da wanke mata ƙafa kullum safiya, tana tsokanata kamar da, sai dai muryar na raguwa. Ta rasu cikin bazara, kafin ruwan shuka ya sauka. Bayan an share makoki na ga Baba Sani zaune a zaure da wuƙa, yana yanke ledar moton gaba ɗaya, a hankali, har ya gama bai ɗaga kai ba.

Na yi shekaru ina maimaita wannan 'yar tafiya a cikin kaina. Wani lokaci ina ji kamar tafin hannuna ya tuna wani abu mai tauri a ƙarƙashin leda. Wani lokaci ina ganin babban yatsan Baba Sani ne, lokacin da ya ƙara wuta. Mai yiwuwa kuma fiffiken zabo ne. Da na je jami'a na taɓa kwatanta wa wata ƙawata mai karatun likita yadda ƙafar take, ta ce ba za ta iya cewa ba, wataƙila da an kai ta da an cece ta, wataƙila kuma an riga an makara. Ni da Baba Sani ba mu taɓa yin zancen ba. Ina zaton yana gudun kada in ɗauka yana zargina ne, ni ma ina gudun haka gare shi.

Yanzu garinmu ya cika da 'yan kabu-kabu, yara ƙanana ma sun san kowane maɓalli. Mace mai ciwo ba ta jiran a gama yankan hatsi, waya ɗaya za a buga a zo a ɗauke ta. Waɗanda suka san abin da ake cewa a gindin itace in an je da madara sun kusa ƙarewa, kuma ban iya cewa na yi murna ko na yi baƙin ciki da hakan ba. Nakan ce a raina, da yau ne, ko moton ya mutu, kafin gumi ya bushe wani ya iso. Sai kuma in tuna yadda ta zauna a kan saiwar nan hankali kwance. Ba na jin za ta hau na biyun.