Abincin Ƙarfi na Ƙanena

Ƙanena ya dawo Gadarif daga Saudiyya da ƙirji kamar buhun dawa, ya ce ya bar tuwo da kisra da sukari, wai su ke kawo tumbi. Ya yini a madafar Inna yana niƙa riɗi da gyaɗa, ya matse man, ya cuɗa da madarar gari, ya yayyanka dogo-dogo. Da la'asar ya kawo mana a faranti, yana ta bayanin gina jiki.

Inna ta gutsura, ta tauna, ta dube shi.

"Wannan ai tunkuza ce, umbaz ɗin da muke ba awaki. Sai da ka hau jirgi ka koyo shi?"

Ta miƙa wa akuyarta ragowar. Akuyar ta sansana, ta kau da kai.