Kawu Tanimu da Ma'aunin Goro

Duk wanda ya san Kawu Tanimu ya san ɗan yatsan nan nasa. Mutumin nan ba ya wuce abin dannawa bai danna ba: makunnin fitila, ƙararrawar gidan mutane, rimot, har hancin jariri ranar suna. Ya danna a hankali, ya karkatar da kai kamar mai sauraron gulma, sannan ya yanke hukunci: "Akwai gargada." In kuwa abin ya yi masa, kuma ba kasafai yake yi masa ba, sai ya ce, "Sumul."

Kun tuna ɗaurin auren Hauwa'u a Ƙofar Kuyambana? Liman na tsakiyar addu'a muka ji ɓaaam! Kowa ya waiwaya. Ashe Kawu ne a cikin motar ango. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ku ci gaba, ku ci gaba. Amma a gaya wa yaron nan hon ɗinsa yana da gargada."

Maganar kibod kuwa, a shagona na kayan kwamfuta da ke Tukur-Tukur ta samo asali. Wata rana ya shigo ya tarar da wani kibod irin mai tsadar nan, wanda kowane harafi yake da ɗan injinsa a ƙasa. Siwic muke ce masa. Kawu ya yi rayuwarsa yana buga tafireta a ofishin gwamnati, don haka da ya ɗora yatsa sai na ga idonsa ya kawo haske.

"Bashari, me ke cikin nan?"

Na zare masa guda uku na jera. Na ce wannan mai ƙara ne, ƙas-ƙas. Wannan yana da ɗan tudu a tsakiya, sai ka ƙara ƙarfi ka haye. Wannan kuwa miƙaƙƙe ne, daga sama har ƙasa ba abin da zai tare ka.

Ya daɗe yana danna na ukun. Can ya ce, "Wannan na Yohanna ne."

Baba Yohanna na Wusasa dai kun san shi. Tebur ɗaya suka zauna da Kawu tun suna samari, suna buga takardu suna musu. Musun wa ya fi sauri, musun tuwon gidan wa ya fi, musun ko za a yi ruwa. A shekarar nan shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta tafi da hannun dama, ta tafi da baki gaba ɗaya. Hankalinsa garau, amma ko "ruwa" ba ya iya cewa. Yatsa biyu na hagu ne suka rage, su ma da rawa. An ba shi waya, gilashin ya ƙi shi. An ba shi kibod na roba, ƙarfinsa bai kai ba. 'Yarsa Rifkatu ta ce ya fara juya wa bango fuska, abinci ma sai da lallashi.

Kawu ya ce, "Mutumin da ya shekara arba'in yana ƙaryata ni ba zai tafi da magana a ciki ba. Zan yi masa baki."

Wallahi na ɗauka zancen tsufa ne. Ashe bala'i na jawo wa gidan matarsa, Inna Mairo.

Na bayyana masa cewa masu wannan harka suna buɗe kowane siwic ɗaya bayan ɗaya, su shafa masa wani giris na musamman da ɗan burushi, don ya riƙa sauka ba gurzawa. Na nuna masa hoton kwalbar.

"Wannan 'yar mitsitsiyar? Daga wata ƙasa? Kai Bashari, an raina mana hankali. Mai ai mai ne."

"Kawu, ba kowane mai ba."

"Ka taɓa gwadawa?"

"A'a."

"To rufe min baki."

Ya fara da man shanun Inna, yana shafawa da gashin kaza. Ranar farko, a gaskiya, sumul! Ya kira ni ya danna min a kunne yana min kallon ka-gani-ko. Bayan 'yan kwanaki zaure ya ɗauki wari, mage ta mayar da kibod wurin lasa, kiyashi kuwa sahu-sahu suna shiga ta ƙarƙashin harufa.

Inna ta leƙo ta ce, "Malam, ma'aikata sun iso ofis."

Ko a jikinsa. Ya ce, "Aƙalla sun tabbatar man naki ba haɗi."

Ya wanke komai ya koma man kaɗe. Shi kuma da sanyin safiya sai ya daskare, harufa su ƙi motsi. Na zo na tarar an shanya kibod a tsakar gida kusa da barkono. Na ce, "Kawu, wannan fa?"

"Yana shan hantsi ne. Sai ya ji ɗumi yake fara aiki."

Inna ta ce, "Ya biyo ubangidansa. Ma'aikacin gwamnati ne."

Daga ƙarshe dai ya sa na yi odar giris ɗin, amma sai da ya ja min kunne: "Ba don ka faɗa ba ne. Bincike ne ya kai ni."

Sai maganar nauyi, kuma nan ne ya ba ni mamaki. A cikin kowane siwic akwai ɗan sifirin, waya ce murɗaɗɗiya, ita ke mayar da harafi sama in ka ɗaga yatsa. Wani da tauri, wani da laushi. Kawu ya jera iri-iri a kan ɗan katako ya kai Wusasa, ya sa Baba Yohanna ya danna kowanne, ya lura da waɗanda ya iya kaiwa ƙasa. Da ya dawo sai ya kifa murfin kwalba a kansu yana ɗora goro har su sauka. Sakamakon bincike: yatsan Yohanna goro biyu ne. Siwic mafi laushi da nake da shi a shago kuwa goro uku yake ci.

Na ce, "Kawu, akwai sikeli fa na wannan aikin."

"Sikelinka ya san Yohanna?"

Goron nan biyu ya zaɓe su da kansa, ya naɗe su a ɗanyen ganye kada su bushe su rage nauyi, ya hana kowa taɓawa. Rannan Liman ya kawo masa ziyara, Kawu ya shiga ciki ɗauko ruwa. Ya fito ya tarar Liman ya ɓare ɗaya yana tauna, hankali kwance.

"Innalillahi! Liman, ka cinye min ma'auni!"

Liman ya daskare da goro a baki. "Wane ma'auni, Malam Tanimu?"

"Rabin ƙarfin Yohanna ne a bakinka!"

Bawan Allah nan har ya tashi bai gane laifinsa ba. Tun daga ranar, in ya shigo zauren sai ya nuna tabarma ya tambaya, "Wannan ta zama ce ko ta bincike?"

Muna dariya, amma Kawu ba dariya yake ba. Rifkatu ta aiko cewa hannun yana ƙara rauni. Don gaggawa ya sa almakashi ya rage tsawon sifirin, sai harafin ya sauka ya ƙi tashi, allon kwamfuta ya cika da harafin a har ƙasa. Ya zauna ya zuba wa abin ido. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Ya ce, "Bashari, in ya yi tauri ba zai iya ba, in ya yi laushi ba zai dawo ba. Nemo min na tsakiya, ko a ina yake." Bai ma tambayi kuɗinsa ba, shi da ke ciniki a kan ashana.

Da sifirin masu laushi suka iso, ya zauna da tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, ya buɗe kowane siwic, ya shafa, ya rufe, ya ɗora goro. Wanda bai sauka a biyu ba ya sake buɗe shi. Da ya gama, Inna ta ba shi zane ya naɗe kibod, ya rungume shi a Keke Napep har Wusasa kamar za a kai jariri rigakafi.

Aka haɗa da kwamfutar Rifkatu, aka ɗora wa Baba Yohanna a cinya. Yatsan ya tashi yana rawa, ya sauka, sai ga harafi a allo. Rifkatu ta toshe baki. Ni ina jiran godiya ga Allah, ita tana jiran sunanta. Ya daɗe yana haɗawa ɗaya bayan ɗaya, sannan muka karanta:

"tanimu akwai gargada a harafin k"

Kai jama'a! Kawu ya miƙe ya fita waje. Na hango shi ta taga yana goge ido da hula. Ya dawo ya nuna Baba Yohanna da yatsa ya ce, "Ƙarya kake! Da hannuna na shafa shi!"

Aka rubuto: "hannun naka ne matsalar"

Ranar Baba Yohanna ya cinye tuwonsa tas.

Shi ke nan aka buɗe sabon musu. Duk Asabar Kawu zai je, Baba Yohanna ya rubuto cewa yau harafin m ne ke gurzawa, ko b ta yi nauyi. Kawu ya zare siwic ɗin, ya buɗe a gabansa, ya shafa, suna faɗa ɗaya da baki ɗaya da yatsa. Ni abin ya ishe ni. Na danna da kaina, na ce, "Kawu, wallahi babu komai a harufan nan. Baba Yohanna wahalar da kai kawai yake."

Ya dube ni kamar na faɗi wauta. Ya ce, "Na sani mana. Amma wanda ya samu bakin yin ƙarya ai ya warke."

Da Kawu ya rasu, kun ga lokacin da aka turo Baba Yohanna a keken guragu har cikin zaure, kibod a cinyarsa cikin zanen nan na Inna. Da yawanku kuna nesa, ba ku ga abin da ya rubuta ba. Ni na riƙe masa kwamfutar, kuma ni ya sa na kai wa Inna na karanta mata:

"babu gargada. tun ranar farko babu. so nake ya riƙa zuwa."

Inna ta ce, "Ka ce masa ai Malam ya sani."

Allah ya jiƙan Kawu Tanimu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya sauƙaƙa wa amininsa, Allah ya sauƙaƙa masa, ya sa hanyar da ke gabansa ta zama sumul. Baba Yohanna kuma Allah ya ba shi haƙuri da ranakun Asabar. Amin.