Maɗacin da Malam Hamisu bai gama aunawa ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ɗaura wa 'yata ɗankwali za ta tafi makaranta, sai ga waya daga direban ofishinmu. Ko gaisuwa babu, ya ce, "Madam Hauwa, Malam Hamisu ya rasu."

Na ce wane Hamisun? Don ni jiya jiyan nan na baro shi kan kujerarsa yana dariya.

Ya dawo daga sallar asuba, ya ce wa matarsa kansa na sara masa, ya kishingiɗa. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Da hantsi aka kai shi makwancinsa. 

Ga waɗanda ba su san shi ba, shekara goma sha ɗaya muna aikin auna bishiyoyi tare a nan Garwa. Jikan fatake ne, danginsa kaf suna kasuwa, shi kaɗai ya zaɓi daji. 'Yan'uwansa kan tsokane shi da cewa duk gidan shi ne mai auna abin da ba na sayarwa ba.

Ni da tef nake aikina. In zagaya gindin bishiya daidai ƙirji, in rubuta, in wuce. Shi ya sa yake kirana Hajiyar Tef.

Shi kuwa tun da aka ara mana na'urar leza bara, bakinsa bai huta ba. Abu ne da ake ɗorawa kan ƙafa uku, ya riƙa juyawa yana harba haske, ya kwaso siffar bishiya ɗigo-ɗigo, kowane lanƙwasa da kowane ƙullutu. Daga nan a san kaurinta na gaskiya da yawan itacen da ke jikinta, ba tare da an sa mata gatari ba.

Yakan ce mini, "Tef ɗinki kowace bishiya ganga yake ɗaukarta. Kin taɓa ganin bishiyar da Allah ya yi kamar ganga?"

Ni kuma in ce tef ɗina dai bai taɓa cewa caji ya ƙare ba.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti, shi ya tafi Tibati a madadina, sati biyu cikin ruwan sama. Ya dawo da aikin a kammale da sunana a kai, da ƙullin bandar kifi ya ce a yi wa Inna romo.

Faransancina na rubutu ba wani na kirki ba ne. Sai da na shekara uku ina jin ana yaba rahotona kafin na gano shi ke bi yana gyarawa. Da na tare shi, cewa ya yi, "Waƙafi kawai nake sa miki."

Bai taɓa auna bishiya bai nemi mai ita ya gaishe shi ba. In an gama kuma sai ya juya masa kwamfutar ya ce, "Voilà, ga taka."

Amma abin da ya fi damuna yau, maɗacin mahauta ne.

Mutanen unguwar Poumpoumré sun san shi, babban maɗacin nan da mahauta ke kasa nama a ƙarƙashinsa. Watan jiya aka shafa masa jan fenti. An ce ya karkata wajen titi, gara a sare shi kafin damina, kada ya faɗa wa mutane. Duk wanda ya san ranar Garwa ya san abin da za ta yi wa nama in babu wannan inuwar.

Baba Garba, dattijon mahautan, ya zo ofishinmu da ƙafarsa. Ya ce a ƙarƙashin bishiyar nan mahaifinsa ya fara miƙa masa wuƙa. Malam Hamisu ya je ya duba, ya ce a ganinsa gindin lafiya lau, nauyin rassa biyu ne ke jan sa, in an rage su ya isa. Amma ganin ido ba hujja ba ce. Ya roƙa aka ba shi zuwa Litinin mai zuwa ya kawo rahoto da awo. In babu, masu sara su shigo.

Shekaranjiya Talata muka je da sassafe.

Akwai wasu fararen ƙwallaye shida da ake kafawa kewaye da bishiya. Na'urar ba ta ganin bayan gindi, dole a riƙa ɗaga ta ana canja mata wuri, kuma da ƙwallayen nan kwamfuta ke gane yadda za ta ɗinke hotunan su zama ɗaya. Sharaɗin kawai, kada ko ɗaya ta motsa har a gama.

Mun faɗa wa mahautan kada a gitta gaban na'ura. Bayin Allah suka tsaya cik kamar a sahu, har da masu sayen nama. Amma ba mu ce kada a taɓa ƙwallo ba. Laifinmu ne wannan.

Muna ta bayan gindin, ashe Baba Garba ya hango biyu daga cikinsu kusa da kwatar da ruwan wankin nama ke bi, har jini ya fallatsa musu. Abin ya dame shi, kayan baƙo a cikin ƙazanta. Ya lallaɓa ya ɗauke su, ya goge tas da tsumma mai tsabta, ya mayar da su wuri mai kyau can gefe, taku biyu daga inda suke.

Ba mu sani ba sai jiya Laraba a ofis. Malam Hamisu ya kira ni, na iske maɗacin a kwamfuta ya rabu biyu, rabi nan rabi can, kamar an tsaga rake. Ya buga wa Baba Garba waya, tsohon ya faɗi abin da ya yi da alfaharinsa. Da ya fahimci ɓarnar sai murya ta canja, yana ta ba da haƙuri da Fulatanci, "Useko, Malam, useko, na kashe bishiyar da hannuna."

Malam Hamisu ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Baba, tunda nake ba wanda ya taɓa wanke mini kayan aiki sai kai. Asabar da sassafe muna nan tafe, kafin iska ta tashi. Wannan karon ka sa hannu a aljihu."

Da ya ajiye wayar ya jawo mini kujera. "Hajiyar Tef, zo zauna in nuna miki yadda ake ɗinkewa. Minti goma."

Wannan shi ne karo na ban san nawa ba da ya ce mini haka. Na duba agogo, na ɗauki jakata, na ce, "Kai kana nan, me zan yi da shi?"

Ya ce, "Kullum gobe."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Wallahi na iya kafa ƙafa ukun, na iya jera ƙwallayen, na san maɓallin da ake dannawa. Daga nan ilimina ya tsaya. Ɗinke hotunan, da fitar da nauyin kowane reshe, da rubuta abin da zai gamsar da masu jan fenti, duk a kansa suke, kuma yau an rufe shi da su. Na'urar ma masu ita sun ce a mayar musu mako mai zuwa. Na kira mutum biyu da nake zaton sun iya, ɗaya yana ƙasar waje, ɗaya wayarsa a kashe.

Ban taɓa jin na kasa kamar yau ba. Haushin kaina nake ji, kuma ba shi da amfani.

Ɗazu da na fito daga wajen matarsa, na tarar da Baba Garba a ƙofar gidan cikin masu zaman makoki. Ya taso ya yi mini gaisuwa. Can ya ce a hankali, "'Yata, ba lokacin maganar ba ne, na sani. Amma Asabar ɗin tana nan?"

Kafin in buɗe baki ya ƙara da cewa, "Na tara yaran duka na gaya musu. Ko cikin jini ƙwallon ta faɗa, ba mai taɓawa."

 Na ce in sha Allah, na juya kafin ya ga fuskata.

Zan je Asabar ɗin. Zan kafa komai yadda na ga yana yi, in ɗauko abin da zan iya ɗaukowa, in zagaya gindin da tef ɗina kuma. Abin da zai biyo baya ban sani ba. In akwai wanda ya iya haɗa awon leza, a Garwa yake ko Ngaundere ko Marwa, don girman Allah ya yi mini magana kafin Lahadi. Wannan karon zan zauna.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, da tsohuwar mahaifiya da har yanzu take tambayar ko ya karya kafin ya fita. Allah ya ba su haƙuri, ya tsaya musu.

Allah ya jiƙan Malam Hamisu, ya gafarta masa, ya sa can ta fi masa nan. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ina roƙo ya tsaya ya yi masa addu'a ko da kalma ɗaya ce.

Ya Allah, bawanka ya tafi yana nema wa mutane inuwa bai gama ba. Ka sanya shi a inuwarka ranar da babu wata inuwa sai taka.

Amin.