Baftisma a Cikin Yashi

A shekarar da aka yi mini baftisma, rafin ƙauyenmu ya daina gudu tun kafin Kirsimeti. Ƙauyen yana bayan Godogodo, inda ba a saba ganin rafi ya tsaya ba, amma damina ta ɗauke da wuri, kuma ta shekarar da ta gabata ma ba ta yi ƙarfi ba.

Ruwan bai tafi duka ba, ya dai koma ƙarƙashin yashi. Kowace mace tana da raminta a tsakiyar rafin. Za ki tona da sakaina har hannunki ya shige zuwa gwiwa, ki zauna ki jira ruwa ya tsattsafo, ki kwashe na farko ki zubar, sannan ki riƙa ɗiban na biyu da ludayi. Kafin tulu ya cika an gama hira guda. In za ki tafi sai ki rufe ramin da ganyen ayaba ki ɗora dutse, saboda awaki.

Na gama firamare a lokacin, ina zaune a gida ina jiran sakamakon jarrabawa, kuma ina cikin ajin baftisma. Yawancinmu 'yan mata ne da samari. Babba ɗaya ne a cikinmu, wan babana, wanda shi kaɗai ya rage a gidanmu bai shiga ikilisiya ba. Dogo ne ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa. Hausarsa kaɗan ce, don haka ni nake maimaita masa tambayoyin ajin da yarenmu, yana zaune yana fere ƙotar fartanya.

Fastonmu a Kafanchan yake zaune, ƙauyuka da yawa ne a hannunsa. Ya aiko cewa zai zo Lahadin ƙarshe kafin Ista. Mu nutsarwa muke yi, ba ma yayyafawa, ga shi babu inda ruwa ya kai idon sahu. Dattawan ikilisiya suka zauna. Wasu suka ce a jira damina. Wan babana ya aika musu cewa shi ya gaji da hardace tambayoyi, in aka ɗaga zai manta, kuma ba zai sake farawa ba. Sai aka yanke shawara a haƙa rami.

Maza suka fito da shebur da kwanon sarki, suka zaɓi lanƙwasar rafin, inda yashi ya fi zurfi. Suna haƙa yana ruftawa, har sai da suka kafa itatuwa suka jingina asabari a bango. Da suka tashi, ɗan ruwa ne a ƙasa kamar an zubar da tulu. Washegari ya kai cinya, garau, ana hango yashin ƙasa.

A washegarin ne kuma matan da ramukansu ke kusa suka tarar da danshi kawai. Mama, mahaifiyata, ita ce shugabar zumuntar matan ikilisiya, ramin nata ma yana cikin waɗanda suka ƙafe. Ta tari babban dattijon ikilisiya bayan addu'ar safe, ina tsaye a bayanta.

"Baba, ruwan ɗaya ne," in ji ta. "Wanda kuka tara a can, daga tulunmu ya fita."

Ya ce ya sani, su yi haƙuri zuwa Lahadi, bayan nan ramin duka nasu ne, ba sauran zaman jira da ludayi. Mama ta juya muka tafi. Matan suka koma can sama, kusa da gonakin citta, suka tona sababbin ramuka. Tafiyar ta ƙaru, hawa ne kuma in an ɗauko. Ni ma na yi ta tare da su. Ba wadda ta ce mini kome, sai wata maƙwabciyarmu da takan ce "ga masu ruwa" in na wuce.

Ran Lahadi aka gangara rafi da waƙa, matan zumunta suna buga tulunan kiɗa. Fasto ya naɗe wando ya shiga, ruwan bai kai masa ƙugu ba. Ya ce kowa ya zauna a ciki, shi zai kwantar da mutum ta baya. Da wan babana aka fara. Ya amsa tambayoyin da babbar murya, rabi Hausa rabi yare. Da aka kwantar da shi kansa ya nutse, gwiwoyinsa biyu suka fito sama. Fasto ya ɗago shi, ya kira dattijo ɗaya ya shigo ya danne gwiwoyin, aka sake. Ba wanda ya yi dariya a wurin, sai da aka koma gida.

Ina cikin na ƙarshe. Kafin a zo kaina ruwan ya koma kalar kunu. Na daɗe ina tsammanin zan ji wani abu a jikina a wannan lokaci, don haka na kasa kunne. Abin da na ji shi ne sanyin ƙasan ramin, wanda ya fi na sama, da hannun fasto a ƙeyata. Na fito da yashi a haƙora da cikin kitso. Mama ta lulluɓe ni da zane, ta ce in je bayan dutse in sake kaya.

Kafin tsakiyar mako ruwan ya kwanta ya sake yin garau, ya ma ƙaru. Amma matan ba su zo ba. Wata tsohuwa ta ce zunuban mutane ne a ciki, har da na wan babana da ya daɗe yana tarawa. Mai bisharar ƙauyenmu ya yi wa'azi a kai, ya ce ruwa ba ya ɗaukar zunubi, jinin Yesu ne ke wankewa. Ya je ya kamfata da hannu ya sha a gaban mutane. Matan suka ce to, suka ci gaba da hawa can sama. Mama ta yarda da maganarsa, ta gaya mini haka, amma wanki kaɗai take yi da ruwan, ba ta zuba shi a randa.

Wan babana ne kawai ya riƙa sha. Kullum da safe yakan gangara da gorarsa ya cika, abin da ban taɓa ganin namiji babba ya yi ba a ƙauyenmu. Na tambaye shi ko bai ji abin da tsohuwar ta ce ba.

"Na ji," in ji shi. "In nawa ne, ai ba baƙona ba ne."

Bayan Ista wasu Fulani da suka sauka a bayan dutse suka zo wurin dattawa, suka roƙi a bar shanunsu su sha a ramin. Aka bar su, tun da ba mai amfani da shi sosai. Shanun suka tattake bakin ramin, asabarin ya faɗa ciki, yashi ya bi shi. Cikin 'yan kwanaki wurin ya zama ɗan kwari mai laka da kashin shanu. Matan Fulanin suka kawo wa dattawa nono da man shanu, aka raba gida gida, mu ma muka samu.

Matanmu suka sauko kaɗan da kaɗan, suka tona ramuka ɗan sama da wurin, inda shanu ba sa bi. Mama ta ce ruwan ya fi jinkirin zuwa, amma a lokacin ana ƙarshen rani, ko'ina haka yake. Sakamakon jarrabawata ya iso a makon da aka fara sharar gona.